Hawan Dutse da Haƙƙin Wanda Yake Baya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa mata duwatsu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, tambayar da iyaye suka fi kawowa bayan sallah a 'yan kwanakin nan ita ce ta hawan dutse. Duk Asabar da sassafe sai ka ga samari da 'yan mata, wani lokaci har da magidanta masu furfura, sun ɗaura takalmin gudu, sun rataya jaka da gorar ruwa, sun cika motoci sun nufi duwatsun da suka kewaye garin nan: Katampe da ke nan kusa da mu, Mpape, tsaunukan gefen madatsar ruwa ta Usuma wajen Ushafa, wasu har Zuma a Madalla, wanda hotonsa ke jikin takardar naira ɗari. Ƙungiya-ƙungiya suke tafiya, kowace da shugabanninta. Yara suna ce masa "hayikin". Uba kuwa abin da yake so ya ji ɗaya ne: Malam, in bar ɗana ya bi su, ko in hana?

To, shi hawan dutse a kan kansa halal ne, babu nassin da ya hana. Amma masu jin tsoro ma ba daga sama suka ɗauko tsoron ba. Mu Hausawa mun gaji labarin duwatsu haɗe da na iskoki. Tarihin Kano ya kawo cewa kafin Musulunci, Barbushe, babban bokan Tsumburbura, a kan Dala yake zaune, shi ya sa har yau kaka in ta ji jikanta zai hau dutse sai gabanta ya faɗi. Musulunci ya zo ya sauya mana wannan kallo. A Suratul Gashiya Allah ya umarce mu da mu dubi duwatsu, mu lura da yadda aka kafa su, a Suratun Naba'i kuma ya kira su turaku na ƙasa. Wahayin farko a kogon Hira ya sauka, a saman Jabalun Nur. Lokacin Hijira kwana uku Manzon Allah (SAW) ya yi da Sayyidina Abubakar a kogon Sauru, wanda ya fi Hira tsawo, alhali yana da shekara 53 a duniya. Alhazanmu da suka taɓa hawa ɗayansu, duk da ba ya cikin ayyukan Hajji, sun san abin da gwiwa ke gani. Kuma a cikin Bukhari ya tabbata cewa Annabi ya siffanta Uhudu da dutsen da yake son Musulmi, su ma suke son sa. Dutse halittar Allah ne kamar kowace. Ka yi azkar ɗinka na safe ka hau abinka.

Ni har ma cewa zan yi da yawanmu muna buƙatarsa. Alhaji, tsakaninka da Allah, daga buɗe shago a Wuse ko Utako ko kasuwar kifi ta nan Kado zuwa rufewa, taku nawa kake yi? Daga kujera sai mota, daga mota sai kujera, ga shinkafa ga lemon kwalba. Ga hawan jini da ciwon suga sun zama kamar 'yan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Iyayenmu da suka yi fatauci a ƙafa zuwa Gwanja sayen goro ba su san wannan lissafi ba, don rayuwarsu ce ta biya musu shi. Mu kuwa sai mun nema. Sai dai wanda ya san yana da ciwon zuciya ko jininsa na hawa, ya fara ganin likita, kada ya je ya gwada ƙarfi da yaro ɗan shekara ashirin.

Inda nake so mu tsaya sosai shi ne a kan kalmar "ƙungiya". Tafiya a cikin jama'a a Musulunci tana da hukunci, ba taron kowa-tasa-ta-fishshe-shi ba ce. Abu Dawuda ya ruwaito umarnin Annabi cewa ko mutum uku ne suka fita tafiya, su naɗa ɗayansu shugaba. Uku fa. Ina ga mutum arba'in ko hamsin a gefen dutse? Shugaba a nan ba wanda ya fi kowa sauri ba ne, ba kuma wanda ya fi yawan mabiya a waya ba. Wanda ya san hanya ne, ya ƙirga mutanensa a ƙasa, ya sake ƙirga su a sama, ya sake ƙirgawa bayan an sauko. Wanda zai dubi hadari ya ce mu juya ko da saura taku ɗari a kai ƙololuwa, kuma a juya ɗin. Tuna abin da ya faru a Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira: maharba 50 aka ajiye a kan ɗan tsauni ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, aka ce kada su bar wurin. Mafi yawansu suka ga kamar an gama, suka sauko. Sahabbai ne, mutanen kirki, amma saɓa wa shugaba na ɗan lokaci ya jawo aka yi asarar rayuka kusan 70, har da Sayyidina Hamza.

Sannan ga wata sunna da ban cika jin ana ambata ba. Jabiru ɗan Abdullahi ya ba da labari, shi ma a cikin Abu Dawuda, cewa Manzon Allah yakan tsaya a bayan ayari in ana tafiya, yana kora mai rauni, yana goya wanda ya gaza a bayan abin hawansa, yana yi musu addu'a. Shugaban halitta, wanda gaba ta fi cancanta da shi, shi ne yake komawa baya. Ku yi tunanin wannan da kyau. A kowace tafiyar dutse akwai wanda numfashinsa ke sarƙewa, akwai mai ƙiba da kunya ta hana shi cewa ya gaji, akwai wanda ruwansa ya ƙare tun rabin hanya, akwai baƙon da yau ne fitarsa ta farko, ya zo da silifas. Su kuma masu ƙarfi sun yi gaba, suna can sama suna ɗaukar hoto. Wannan na bayan shi ne wanda ƙafarsa za ta zame babu mai gani, shi ne zai ɗauki wata hanya ya ɓace a cikin ciyawa. A ƙasashen Turai da Amurka, inda kulob-kulob ke fita cikin tsaunuka har da lokacin sanyi, suna ɗaura wasu faffaɗan takalma don kada su nutse a ƙanƙara, al'adarsu ce a sa gogagge ɗaya a gaba, ɗaya a can ƙarshe wanda ba ya barin kowa a bayansa. Wahala ce ta koya musu. Mu kuwa tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce aka nuna mana a aikace. Saurayi, in Allah ya ba ka ƙarfin ƙafa da faɗin ƙirji, ladanka yana wajen riƙe hannun wanda ya gaza da ɗaukar masa jaka. Kai da ka riga kowa isa sama ka bar ɗan'uwanka yana haki shi kaɗai, hoto kawai ka samo.

Haka batun ɗan jagora. A Hijira Annabi da Abubakar sun ɗauki hayar Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, wanda a lokacin ba Musulmi ba ne, saboda ya san hanyoyin sahara. Ga tawakkali, ga kuma riƙo da sababi. Duwatsun nan suna da masu su. Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, suna nan tun kafin a yi maganar dawo da babban birni a 1976. Sun san inda dutse yake da santsi, sun san inda macizai suke, sun san gefen da ba a zuwa yanzu. A yi sallama da mai unguwa, a ɗauki ɗan gari a biya shi haƙƙinsa. Kada a tattake musu doya da dawa, kada a tsinke musu mangwaro, kada a yi ba'a ga wuraren da suke girmamawa, ko da mu ba mu yi imani da abin da ake yi a wurin ba. Mu baƙi ne a ƙasar nan, kasuwa ce ta kawo mu. Robar ruwa da ledar biskit kuma kowa ya sauko da tasa. Addinin da ya sa kawar da ƙaya daga hanya cikin rassan imani, ya kuma tsawatar a kan yin bayan gida a hanyar mutane ko inuwarsu, ba zai yarda ka mai da dutse juji ba.

Tsaro kuwa ba sai na tsawaita ba. Kowa ya tuna yadda aka yi ta garkuwa da mutane a yankin Bwari a farkon 2024, kuma da yawan duwatsun da ake hawa ta can gefen suke. A tambayi mutanen wuri da jami'an tsaro kafin a je, a bar labari a gida, a sauko da sauran rana. Da damina dutse yana santsi, tsawa kuma wuri mai tudu take nema. Tsohon ramin fasa dutse na Mpape da mutane suka yi ta tururuwa zuwa gani a 2020, ruwansa yana da zurfi, ba wurin gwada iyo ba ne.

Sai abin da ya fi damun iyaye, wato cakuɗa. Gaskiya ce, wasu ƙungiyoyin shagali ne aka kai kan dutse: kiɗa a lasifika, sutura wadda ba ta suturta ba, riƙe-riƙen hannu da sunan taimako. Irin wannan ɗanka ko 'yarka ba su da abin yi a ciki. Amma kada mu ce don haka mace ba ta da rabo a motsa jiki. Annabi ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya rama a na biyu. Mata su fita tare da mata ko da muharramansu, cikin sutura mai yalwa. Maigida ma ya ɗauki iyalinsa ya kai su mana, me ya hana?

Game da sallah, a yi Asuba a kan lokaci kafin a tashi, wannan babu ciniki. In Azahar ta riske ku a sama, ƙasa duka masallaci ce, ku fuskanci gabas da ɗan karkata arewa, ku yi jam'i. In ruwan da ya rage na sha ne kuma kuna tsoron ƙishirwa, taimama ta halatta, a mazhabarmu ta Malikiyya ana yin ta a kan dutsen kansa. Ƙasaru kuwa babu, domin tafiyar ƙasaru wajen kilomita 80 ce, ko Zuma daga nan bai kai haka ba. Sahabbai kuma, kamar yadda Jabiru ya faɗa a Bukhari, in suna hawa tudu kabbara suke yi, in suna gangarowa su yi tasbihi. Da suka ɗaga murya da yawa wata rana, Annabi ya ce su sassauta wa kansu, domin wanda suke kira mai ji ne, makusanci. Saboda haka ba ihu ake so ba, a hankali, daidai da numfashinka.

Uba, kafin ka ce e ko a'a, zaunar da yaron ka tambaye shi: wane ne shugaban tafiyar, wane dutse za ku, su wa da wa za a je da su, ƙarfe nawa za ku dawo, wa aka sa a baya? In ya kasa amsa ta ƙarshen nan, ya koma ya tambayo. Samarin masallacin nan kuma, kuna da yawan da za ku shirya taku fitar, ku gayyaci dattawa biyu ko uku masu sauran ƙarfi, ku fara da Katampe tunda ga ta nan kusa, ku yi tafiyar a kan takun wanda ya fi kowa rauni a cikinku.

Allah ya tsare mana zuriyarmu a gida da daji, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.