Kafin ka zare filashin

Lokacin miƙa furojet, shagunan buga takardu na Ƙauran Namoda ba sa rabuwa da ɗaliban Foliteknik. Wani ɗan Zurmi ne, wani daga Shinkafi, kowa na son ya gama ya kama mota da sauran rana, don hanyar nan ba a bin ta da dare. An kwafe aiki a filashi, an danna a fitar da shi, sai kwamfuta ta ce ba yanzu ba, ana amfani da shi. Yaro ya kai hannu zai fizge. Mai shago ya ce, "Dakata, ƙanena."

Gaskiyar mai shago ce. Sau da yawa allon kan nuna an gama kwafa alhali wani ɓangaren aikin yana riƙe a cikin kwamfutar, bai sauka a filashin ba. Ko kuma takardar na buɗe a Word, ko manhajar kashe bairos na cikin bincikenta. Maganin babu wuya: a rufe duk abin da aka buɗe daga filashin, a jira 'yar fitilarsa ta daina ƙiftawa, a sake gwadawa. In ya ƙi, a kashe kwamfutar gaba ɗaya, sannan a zare. Mai fizgewa kuwa yana iya isa gida ya tarar aikin wata shida ya ƙi buɗuwa.

Haka lamarin zuciya yake. Da asubar nan, ɗan'uwa, ka tambayi kanka me ya rage a buɗe. Baki ya ce "na yafe" tun bara, amma yafiyar ta sauka a zuci? Haka ma tuba. Imam Nawawi, a babin tuba na Riyadus Salihin, ya kawo sharuɗɗa 3 ga laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa: dainawa, nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. In akwai haƙƙin mutum, sai na huɗu ya shigo: a mayar wa mai shi, ko a nemi yafiyarsa. Nan ne yawancinmu muke fizgewa, mu yi istigfari mu tashi, alhali kuɗin buhun gero na maƙwabci yana kanmu tun kasuwar Alhamis ta Shinkafi.

Allah Ka tuna mana wanda ke bin mu, Ka hore mana abin biya, Ka ba mu ƙarfin halin yi masa sallama yau kafin azahar.