Cin Yau da Halin Gobe

A 2019 aka rufe iyakar Illela da Birnin Ƙonni, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Magidancin Tozai mai dakon kaya bisa babur ya shiga tsaka mai wuya: ko ya bi ɓarauniyar hanya da buhun shinkafa, ko ɗansa ya kwana da yunwa.

To, ina mafita? Ciyarwa wajibi ce bisa uba. Amma yaro ba tuwo kaɗai yake haɗiya ba, har da halin mai kawo tuwon. Uban da ya komo ya ce wa ɗansa, "Wannan larura ce, ba sana'a ba," ya rage hasara. Wanda ya yi alfahari kuwa, ya ƙosar da yaro yau, ya koya masa fasa-ƙwauri gobe.