"Ki Ajiye Mini 'Ya'yana"



'Yan'uwa, mafi yawan koke-koken cin zalin yara da ake kawo mini bayan sallah a nan Karkarna, idan na bi sawunsu sai in tarar da saki a gindinsu. Miji ya fusata ya saki mace, sannan ya ce "ki ajiye mini 'ya'yana." Ba don zai rene su ba, sai don ya ƙuntata mata. Ana gama girbi ya ɗauki jaka ya tafi ci-rani Legas ko Abuja, ya bar ɗan shekara 4 a hannun kishiyar uwarsa, babu wadataccen hatsi, babu kuɗin cefane.

To me kake jira? Matar nan da nata 'ya'yan, ga talauci, ga tsohuwar gaba tsakaninta da uwar yaron. A kansa za ta huce. Shi ne ɗebo ruwa, shi ne cin ƙanzo. In mace ce a ɗora mata farantin talla zuwa tasha har bayan magariba, inda ɓata-gari suka san babu mai cigiyarta. Ban ce duk matan uba haka suke ba, wallahi akwai masu tsoron Allah. Amma uban ne ya buɗe ƙofar.

Abin takaici, wannan ƙwace ba shari'a ba ce. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala, renon yaro bayan saki haƙƙin uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. In uwar ta rasu ko ta auri bare, reno ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Ciyarwa kuwa tana wuyan uba duk inda yaron yake. Risalar nan muna karanta ta a zaure, amma da an zo nan sai mu ce al'ada.

Sannan ga shirunmu. Maƙwabci yana jin ihun yaro kullum, ya ce "ba ruwana da gidan wani." Da ruwanka, malam. Ka fara da nasiha, in ta ƙi ka sanar da mai unguwa ko Hisba. Tun 2021 Jihar Jigawa take da dokar kare yara, wadda Gwamna Badaru ya sa wa hannu. Uwar da aka ƙwace wa yara kuma tana da damar zuwa kotun shari'a ta nemi renonsu da kuɗin ciyarwa.

Wallahu a'alam.