Tsamiyar Bakin Hanya Ta Wane Ce?

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kibo da sassafe zai ga masu keke suna fita birnin Zariya cikin hazo. Waɗansu za su Tudun Wada, waɗansu Sabon Gari, waɗansu kuwa har Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello ta ke tun 1962, tafiyar da ta fi kilomita 10.

Mai hankali a cikinsu ba ya hawa da babbar riga, gama iska ta kan cika ta, gefenta kuma ya kan shiga sarƙa. Gara taguwa biyu marasa kauri da guda mai nauyi, domin kafin hantsi ya yi sosai sanyi ya tafi, sai a tuɓe ɗaya a ɗaure bayan sirdi. Ya kan ɗaure ƙafar wandonsa, ya sa safar hannu, ya shafa man kaɗanya a leɓe da diddige saboda faso. Farar riga ta fi baƙa, don mai mota ya hango shi. Sa'an nan ya naɗe hanci da baki da rawani, ido kaɗai ke waje.

To, 'yan'uwa, a wannan lokaci ne tsamiya da magarya da kanya su ke nuna, mangwaro kuma yana fure. Ga reshe ya tsallake katanga ya leƙo kan hanya. Mai keke ya tsaya ya miƙa hannu. Sata ce, ko ba sata ba ce?

Al'adarmu ba ta hana matafiyi tsintar abin da ya faɗi ƙasa ba, mai itace da ya kori yaro saboda kanya uku kuwa marowaci a ke ce da shi. Amma kowa ya sani itacen gida ko na gona, kamar ɗorawa da tsamiya, yana da mai shi, har gadonsa a ke yi. Shari'ar Musa ma haka ta raba, cikin Kubawar Shari'a sura 23: an yarda mutum ya ci inabin maƙwabcinsa har ya ƙoshi, ba a yarda ya zuba cikin jaka ba. Iyakar ita ce cikin mutum.

A ganina keke ne ya dagula wannan iyaka. Mai tafiya a ƙasa, abin da hannu ya ɗauka ke nan. Mai keke yana da buhu a baya, cikin rabin sa'a ya kai kasuwar Sabon Gari, inda a ke auna tsamiya da mudu. Wannan tsamiya kuwa wata tsohuwa ce ke jiran ta, ta dama kunu da ita, ta sayar da saura ta sayi gishiri. Wani zai ce ai ba ta shuka ba, Allah ne ya ba da ruwa. Gaskiya ne, amma ita ce ta hana awaki cinye ta tana ƙarama, ita ke share ganyenta shekara da shekara.

Akwai kuma zancen rawani. An naɗa shi domin ƙura, amma ya kan rufe kunya tare da hanci. Mutumin da ba zai jefi itacen Malam wane da fuska a buɗe ba, ya kan jefa sa'ad da ya tabbata ba a gane shi ba. Gwaji mai sauƙi shi ne ya sauke rawanin, ya yi sallama, ya ce, "Iya, ko in tsinki kaɗan?" Da wuya a hana shi. Sau da yawa ma a kan aiko yaro da gora ya kaɗo masa daga reshen sama, inda ta fi nuna.