Bashin Bada Kaka Zai Cinye Ƙauyukanmu

Wani mugun ciniki ya shigo ƙauyukanmu da rigar taimako, sunansa bada kaka. Cikin Yuli ko Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ciyawa kuma ta taso tana neman maimai, sai magidanci ya nufi gidan mai hali. Ba a ce masa babu. A auna masa tiya 10 ta dawa, a ce da kaka ya kawo 20. Ko a ƙirga masa kuɗin taki, a yanke zai biya da buhunan masara, a farashin da mai kuɗin ya ga dama. Har a bi shi da "Ai mun zama ɗaya." Wannan zalunci ne, kuma cin riba ne, ko da wane suna aka raɗa masa.

Abin ba sabo ba ne, tsofaffi a ƙasar Katsina sun san shi da sunan falle. Amma a da cikin dare ake yin sa, mai bayarwa na jin kunya, mai karɓa na sunkuyar da kai. Yau a inuwar darbejiya ake ƙulla shi da rana tsaka, da littafi da biro da shaidu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, taki da maganin feshi da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabo, ƙaramin manomi ya ƙara shiga hannun masu kuɗi. Wanda ya tara 'yan buhuna kuma ya gano cewa yunwar maƙwabcinsa ta fi kasuwar Dawanau kawo riba.

Me muka jefar muka ɗauki wannan? Gayya muka jefar. Mutum ya kwanta ciwo da damina, ko mace mijinta ya rasu ya bar mata marayu, sai a sa rana. Da sassafe samari su jeru a bakin gona da fartanyoyi, makaɗi na bin su a baya, mata na tafe da ƙoren fura a ka. Kafin azahar an gama noman da mutum ɗaya zai yi mako bai ci rabinsa ba, ba wanda ya rubuta komai a littafi. Haka ake ɗora jinka, haka ake yashe rijiya, haka ake aron jaki da garma. Wanda hatsinsa ya ƙare, maƙwabci ya ranta masa dami, da kaka ya mayar da dami. Ɗaya da ɗaya.

Ku bi mai cin bashin bada kaka zuwa masussuka ku gani. Tun ana sheƙe hatsi, yaron mai bashi yana tsaye da buhuna da babur. Shi zai fara ɗiba, kafin zakka, kafin abincin yara. Abin da ya rage bai kai iyali watan Janairu ba. Sai maigida ya ɗaure tabarma ya tafi ci-rani, Kano ko Abuja ko Legas, ya bar mata da surfe da wankau, 'yan mata da farantin talla, yara maza an cire su daga makaranta. Damina ta dawo, ba iri, ba taki, ba abinci. Ina zai nufa? Ƙofar da ta cinye shi bara. Bana kuwa bashin ya ninka, don haka sai da jinginar gona. Gonar da aka jinginar kuma sau nawa kuka ga ta dawo? A ƙarshe za ka tarar da mutum yana ƙwadago a gonar da ubansa ya bar masa, wanda suka yi wasan langa tare yana biyan sa kuɗin yini.

Idan fari ya zo ko ambaliya ta kwashe amfanin, mai bashi bai san wannan ba, buhunansa yake jira. Daga nan sai sammaci, sai gaban alƙali, sai a sayar da akuyar matar gida da saniyar huɗa. Gidaje biyu masu katanga ɗaya su daina gaisawa, a yi suna ba a aika goro ba, a yi rasuwa a je ta'aziyya don ganin ido. Mutanen Maraɗi da Damagaram ba su manta da yunwar 2005 ba, shekarar da hatsi yake jibge a kasuwa talaka bai iya saye. Ƙauyen da yawancin hatsinsa ya taru a ɗakin ajiyar mutum uku ko huɗu, hanyar da ya kama ke nan.

Masu wannan sana'a suna da amsa a baki: "Ni na kira shi? Da yardarsa ya karɓa." Wace irin yarda ce ga wanda 'ya'yansa suka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba? Su kuma ce kasuwanci ne, Allah ya halatta ciniki. Ayar da ta halatta ciniki a ƙarshen Suratul Baƙara ita ce ta haramta riba, ayoyin da ke biye kuma suka yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Bashin da ya jawo ƙari da sharaɗi, yaron da ya karanta Risala ma ya san hukuncinsa. Sayen amfanin gona tun kafin kaka yana da ƙa'idojinsa a shari'a, amma dawa da dawa, ɗaya a biya biyu, ba ta cikinsu. Abin takaici, wasu masu littafin bashin nan su ne a sahun gaba a masallaci.

Samarin da suka tashi suka ga an raba ubanninsu da gonaki a kan tiya 10, me kuke tsammani za su zama? Wanda ba shi da gona ba shi da abin da zai tsare a garin. Yau za a fasa rumbu, gobe a kore shanu, jibi wani daga daji ya zo neman mai nuna masa gidan mai kuɗi, ya samu. A Zamfara da Katsina da Sakkwato ba sai an yi wa kowa bayanin wannan ba.

Ga mafita: liman ya ambaci bada kaka da sunanta a huɗuba tun bazara, kafin a fara ƙulla ta. Dagaci da masu unguwa su ƙi zama shaidu, su ƙi tura dogari karɓo irin wannan bashi. Zakkar hatsi, ɗaya cikin 10 ga noman damina, a fitar da ita a masussuka a kai wa masu ita a cikin garin. Masu hali su haɗa rumbu ɗaya na unguwa, a buɗe shi cikin marka, a ranta tiya a karɓi tiya. Wanda kuma littafinsa ke cike da sunayen maƙwabta, ya karɓi abin da ya auna musu, ya soke ƙarin kafin a fara yankan gero.