Shiga Zauren Kiɗa: Sautin Ne Ko Majalisin?

Ɗalibanmu da ke karatu a Alƙahira suna yawan tambayata game da Saƙiyatus Sawi, zauren wasa da ke ƙarƙashin Gadar 15 ga Mayu a Zamalek. An buɗe shi a 2003, a wurin da a da juji ne. Ba giya, ba a shan taba, mutane na zuwa da iyalansu. To, ya halatta a shiga?

Gaskiya akwai saɓani. Jumhur na mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa ban da duffi. Ibn Hazm, wanda ya rasu a 456 Hijira, ya halatta, don yana ganin hadisan hani ba su inganta ba. Imam Gazali a cikin Ihya ya halatta sauraro da sharuɗɗa, amma ya cire kayan tsirkiya da na busa, saboda a zamaninsa alama ce ta mashaya. Ka lura, majalisin ya duba, ba sautin kaɗai ba.

Ni ina tare da jumhur, don haka ba na ba da shawarar zuwa. Sai dai ba zan haɗa irin wannan zaure da gidan gala ba, kuma ba zan kira wanda ya bi Ibn Hazm fasiƙi ba.

Ɗan'uwa, in ka riƙi ɗayan ra'ayin, akwai sauran sharuɗɗa: me waƙar take faɗa, da su wa za ka zauna, kuma sallarka ba za ta fita daga lokacinta ba? In ɗaya ya ɓaci, babu malamin da za ka fake da shi.

Wallahu a'alam.