Gonar Nabot Tana Hannun Wa?

Kowace shekara, idan muka kai darasin tuba a ajin masu shirin baftisma, nakan koya musu cewa tuba ta gaskiya tana tafe da abu uku: nadama a zuciya, furci da baki, da kuma mayar da abin da aka ɗauka. Wata rana wani dattijo manomi, wanda bai cika magana a aji ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to idan kakana ne ya ci iyakar gonar wani, kakan ya mutu, mai gonar ya mutu, ni kuwa a cikinta na buɗi ido, daga cikinta nake ciyar da iyalina, wa zai furta, wa zai mayar?" Na ba shi amsa a ranar, amma ni kaina ban ƙoshi da ita ba. Abin da ya sake tayar mini da tambayar shi ne labarin wata ƙasa mai nisa, wato Kanada.

Sunan Kanada ba baƙo ba ne a kunnen Kirista mai jin Hausa. Rowland Bingham, wanda ya kafa mishan ɗin SIM, daga can ya taso ya sauka Legas a 1893. Amma mutanen da suka aiko mana da masu bishara suna da nasu miki a gida. Kafin Turawan Faransa da na Ingila su iso, ƙasar tana da masu ita: Cree, Ojibwe, Inuit da sauran al'ummai masu yawa, kowace da harshenta. A ƙasashenmu Turawan mulki sun zo, sun mallaka, sun naɗe kayansu sun koma a 1960. A Kanada baƙin ba su koma ba. Sun zauna, sun hayayyafa, har ƴan ƙasa suka zama ƴan tsiraru a ƙasar kakanninsu, aka keɓe musu ƴan yankuna aka ce su zauna a ciki.

Bayan ƙasa sai aka juya kan ƴaƴa. Gwamnati ta ba da kuɗi, ikkilisiyoyi suka riƙe makarantun kwana: Katolika ce ta riƙe mafi yawansu, sannan Angilika da wasu. Yara wajen 150,000 ne suka bi ta cikinsu, da yawa an raba su da iyayensu da ƙarfin doka. A can aka aske musu kai, aka hana su harshen uwa, waɗansu aka ba su lamba a maimakon suna. Tun 1907 wani likitan gwamnati, Peter Bryce, ya rubuta cewa tarin fuka yana kashe yaran saboda cunkoso da rashin kulawa, amma ba a ɗauki maganarsa ba. Sai a cikin shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Hukumar Gaskiya da Sulhu, wadda alƙali Murray Sinclair ya shugabanta, ta saurari shaidu fiye da 6,000, ta ƙidaya yara fiye da 3,000 da suka mutu a makarantun, ta fitar da shawarwari 94 a 2015. Ta kira abin da aka yi kisan al'adar wata al'umma.

Ni ma ɗan makarantar mishan ne. Na san abin da ake rataya wa yaro a wuya idan an kama shi yana Hausa a farfajiya, na kuma sha bulalarsa. Amma da yamma nakan koma gida, inna ta yi mini magana da harshenmu, ta zuba mini tuwo. Ba zan haɗa nawa da nasu ba. Na ambata ne kawai don in ce na san ɗanɗanon kunyar da yaro ke ji idan aka nuna masa cewa bakin uwarsa abin horo ne, kuma wanda ya nuna masa yana sanye da gicciye.

An nemi gafara, ba sau ɗaya ba. Shugaban Angilika na Kanada, Michael Peers, ya nema a 1993. Firayim Minista Stephen Harper ya nema a majalisa ranar 11 ga Yuni, 2008. A watan Mayu na 2021 na'urar duba ƙarƙashin ƙasa ta nuna alamu wajen 200 da ake zaton kaburburan yara ne a tsohuwar makarantar Kamloops, ƙasar ta girgiza. A watan Yuli na 2022 Paparoma Faransis ya je Maskwacis da kansa, a kan keken marasa lafiya, ya roƙi gafara a gaban tsofaffin da suka tsira.

To, ɗan'uwana mai karatu, an yi sulhu ke nan?

Baturen Kanada na yau yana iya cewa, "Ban ɗauke ɗan kowa ba, ba a ma haife ni ba." Yana da gaskiya a wannan, kuma annabi Ezekiyel yana bayansa, gama a sura 18 ya koyar cewa ba za a ɗora wa ɗa laifin ubansa ba. Sai dai laifi daban, bashi daban. Mu nan mun san wannan sarai. Ranar da aka binne mutum akan yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo, kuma ba a raba gado sai an biya. Ba wanda ke cewa magaji ne ya ci bashin, amma ba wanda ke yarda ya ɗauki gida da gona ya ce bashin ya bi mamaci kabari. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ahab ya ƙwace gonar inabin Nabot, kuma ya yi nadama har ya sa tsummoki ya yi azumi. Littafin Sarakuna bai gaya mana cewa ya mayar da gonar ba. Duk ɗan Ahab da ya sha inabin wannan gona bai kashe Nabot ba, amma ba zai ce gonar ba ta shafe shi ba.

A nan ne nake ganin ikkilisiya ta fi jin kunya. Cikin yarjejeniyar da aka ƙulla a 2006, an biya kowane ɗalibi da ya tsira dalar Kanada 10,000 don shekararsa ta fari, da 3,000 don kowace shekara da ta biyo. Ƙungiyoyin Katolika sun yi alkawarin ƙoƙarin tara dala miliyan 25, abin da suka tara bai kai miliyan 4 ba. Sai bayan Kamloops bishop-bishop suka yi sabon alkawari na miliyan 30. Zakka mai karɓar haraji bai jira aka ja shi gaban alƙali ba. Yana tsaye a gidansa ya yanka wa kansa ninki huɗu, sannan Yesu ya ce ceto ya shigo gidan. Mu da muke karanta wa yara wannan labari kowace shekara, mu ne muka aika lauyoyi su rage mana kuɗi. Na ce "mu" da gangan, domin jiki ɗaya ne.

Akwai wani kuskure da mu masu wa'azi muke saurin faɗawa ciki. Da zarar mai laifi ya ce "yi haƙuri", sai mu juya kan wanda aka cuta mu tsare shi da ido, mu ce saura kai. Mukan yi haka a sulhun ma'aurata, mukan yi a rikicin gona. Hakika Ubangiji ya umarce mu mu gafarta, kuma ban rage ko ɗigo daga wannan ba. Amma wanda ya yi ɓarna ba shi ne zai riƙe wa wanda ya cuta agogo ba. A 1986 Ikkilisiyar Haɗaka ta Kanada ta nemi gafarar ƴan ƙasa da ke cikinta. Sun yi shekara 2 suna shawara. A 1988 suka amsa cewa sun ji, sun shaida an nema, amma ba su ce sun karɓa ba, suna jira su gani a aikace. Waɗannan Kirista ne, ba su bar ikkilisiya ba, ba su ɗauki makami ba. Da na fara jin labarin na ce taurin zuciya ne. Yanzu ina ganin sun yi wa ƴan'uwansu alheri, domin sun hana su gafara mai araha wadda za ta sa su koma barci.

Ba kuma zan ɓoye ɗaya gefen ba. Bayan labarin Kamloops an ƙone majami'u da dama, waɗansu ma a yankunan ƴan ƙasa suke, inda tsofaffinsu ke sujada, inda aka yi wa ƴaƴansu baftisma. Shugabannin ƴan ƙasa da kansu sun yi tir da wannan. Wutar ba ta mayar wa uwa ɗanta ba.

Abu mafi wuya shi ne ƙasa. Ba za a kwashe mutum miliyan 40 a zuba a jirgi ba, kuma yawancinsu ba su da wani gida. Amma tsakanin mayar da komai da ƙin mayar da komai akwai fili mai faɗi. A 1999 aka yanke yankin Nunavut, inda Inuit ke da rinjaye kuma suke da babbar murya a mulkinsa. A 2014 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa al'ummar Tsilhqot'in mallakar ƙasa wajen murabba'in kilomita 1,700, bayan shari'ar da ta ci shekaru fiye da 20. A 2023 Fadar Paparoma ta nisanta kanta daga tsohuwar koyarwar da ta ba sarakunan Turai hujjar mallakar ƙasar da suka ce sun gano. Kaɗan ne, kuma a makare. Harsunan da aka bugi yara a kansu, da yawa tsofaffi ƙalilan ne suka rage masu jin su, kuma kotu ba ta iya mayar da wannan.

Da dattijon ya sake zuwa aji, na ce masa na yi gaggawa a amsar farko. Na ce laifin kakansa ba ya kansa, kada ya kwana da shi. Amma ya nemi jikokin mai gonar, ya faɗa musu abin da ya sani ba tare da ragi ba, ya bar su su fara faɗin abin da suke ganin daidai, kada ya je da nasa farashi a aljihu. Ya ce, "In suka ce in tashi fa?" Na ce sai mu tafi tare wurin mai gari da dattawan ikkilisiya, mu ga abin da za a iya yi. Ya yi shiru, yana juya hularsa a hannu. Sai bayan girbi ya je. An raba kadadar da ke bakin rafi, aka dasa aduwa a sabuwar iyaka. Babban jikan ya karɓi rabonsu, amma har yau bai shiga gidan dattijon ya sha ruwa ba.